Kansilan da Ya Fara Magudana Daga Sama

"To in ruwan ya iso inda siminti ya ƙare, ina zai bi?"

Matar ce ta tambaya. Dawowarta ke nan daga makarantar da take koyarwa, tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, jaka a kafaɗa. Mijin yana zaune a gefen gado yana goge takalminsa, ko ɗago kai bai yi ba.

"Ya bi inda suka kai ƙuri'unsu."

"Baban yara, gidan Kaka fa a layin yake."

"Na sani. Ita ma ba ni ta zaɓa ba."

"Ita ta gaya maka?"

"Akwati ya gaya mini."

Ya 'yan uwa, mu koma baya kaɗan, ku san wane ne mai goge takalmin nan, ku san kuma daga wane tsawo ya faɗo.

An taɓa yin wani mutum, magini, a wata unguwa da ke kwance a jikin tudu. Kowa Birkila yake ce masa, har 'ya'yansa in suna son tsokana. Gwani ne na gaske. In ya ja igiya ya jera bulo, sai ka tsaya kana kallon bango kamar kana kallon rubutu mai kyau. Tafin hannunsa kaushi gare shi kamar bayan bulon da yake ɗauka, amma zuciyarsa a wancan lokacin taushi gare ta. Katangar makaranta ta faɗi, ya tashe ta kyauta. Matakalar asibitin unguwa ta farfashe, ya zo da cokalin gininsa ranar hutu ya gyara, bai jira godiyar kowa ba.

Unguwar layi-layi ce, daga saman tudu har ƙasa. Na ƙarshe shi ne layin gangare, bayansa sai rafi. Duk damina ruwan tudu yakan sauko ta kowane lungu, ya ratsa layin gangare, ya jiƙa tabarmi, ya kai idon sawu a tsakar gida, sannan ya wuce rafi. Wahala ce, amma wahalar da aka saba da ita. Ana ɗora ƙafafun gado a kan bulo, ana rataye kaya a ƙusa, ana haƙuri.

A wannan layin Birkila ya ga yarinyar da ta zama matarsa, wadda yanzu kowa ke kira Malama. Marainiya ce, kakarta ce ta raine ta. Ya so ta irin son da ke sa mutum ya manta da yunwa. Da damina yakan naɗe ƙafar wando, ya riƙe takalmi a hannu, ya keta laka ya je ganinta. Kaka takan leƙo ta ce, "Ga mijina mai laka ya iso. Ke, kawo masa ruwa ya wanke ƙafa, kada ya ɓata mini gida tun kafin ya aure ni." Shi kuma ya ce, "Amaryata, ki ƙara haƙuri. Da hannun nan nawa zan kori ruwan nan daga ƙofarki." Haka suke, shekara da shekaru, ba ya shiga gidan ya fito ba a yi dariya ba.

Akwai wata ƙa'ida a sana'arsa da nake so ku fahimta, domin a kanta labarin ya rataya. Magudanar ruwa daga ƙasa ake fara ta. Kana soma haƙa daga bakin rafi, inda ruwa zai fita, kana hawa sama da kaɗan-kaɗan. Dalili kuwa, ruwan da ya warwatsu a lungu-lungu ba shi da ƙarfi. Amma in ka fara daga sama, ka tattara shi wuri ɗaya, ka yi masa hanya mai santsi, kuma ba ka yi masa mafita ba, to ka ɗaura wa ruwa takobi ka nuna masa gidajen mutane. Birkila ya san wannan kamar yadda ya san sunan mahaifiyarsa. Shi ne yake koya wa leburorinsa.

Da lokacin zaɓe ya zo, mutanen tudu suka ce ya fito takarar kansila. Ya ƙi, suka nace. Shugaban jam'iyya na mazaɓar, wanda ake ce wa Ciyaman, ya zo har wurin aiki ya same shi a kan tsani, ya ce, "Sauko, Birkila. Ka gina wa mutane ɗakuna, yanzu ka zo ka gina musu unguwa." Maganar ta shige shi. Ya sauko da niyya mai kyau, wannan kam ba wanda zai ƙwace masa. Ya bi gida-gida, alkawarinsa ɗaya tak: magudana daga tudu har rafi.

Ya ci zaɓe. Amma akwatin layin gangare bai ba shi ba. Mutanen layin sun zaɓi maƙwabcinsu, Mai Kemis, wanda yake ɗaure musu rauni, yake duba musu yara in zazzaɓi ya tashi. Ba ƙiyayya ba ce, sabo ne da maƙwabtaka. Sai dai a lokacin da malamin zaɓe yake sanar da sakamakon akwatin, wasu samari suka yi shewa, ɗaya daga cikinsu ya ce, "Birkila, koma bakin bulo." Aka yi dariya, aka watse, kowa ya manta. Shi kaɗai ne bai manta ba.

Ya 'yan uwa, mutum nawa ne a cikinmu yake yawo da irin wannan ƙaya a zuciya? An yi maka alheri a wuri goma, an yi maka dariya a wuri ɗaya, sai ka kwana kana jin dariyar. Shaiɗan ba ya buƙatar ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Watanninsa na farko a kujera sun yi kyau. Yana zuwa zaman majalisa kafin kowa. Ofishinsa ɗan ɗaki ne mai tebur ɗaya da benci, ƙofarsa a buɗe take, mai kukan famfo ya shiga, mai kukan shara ya shiga. Sunansa ya koma Onarabul, ya fara sabawa da daɗin sunan. Ya tsaya kai da fata a kwamitin ayyuka a kan maganar magudana, ya yi magana har muryarsa ta dishe, har sauran kansiloli suka riƙa ce masa Sarkin Kwata. Bai damu ba. Daga ƙarshe, wa'adinsa ya kusa cika, aka amince, amma aka ce abin da ke hannu bana ba zai kai aikin ƙarshe ba, a yi rabi yanzu, rabi baɗi. Da yake shi ne gwani a cikinsu, suka ce ya zaɓi inda za a fara. Ba wanda ya duba bayansa. Wa zai koya wa birkila gangaren ruwa?

Ciyaman ya kira shi ofishin jam'iyya, ya sa aka rufe ƙofa.

"Onarabul, ina za ka fara?"

"Daga rafi, ranka ya daɗe. Haka ake yi."

"Haka ake yi a gini. Nan siyasa muke. Zaɓen fid da gwani ya matso. In ka binne siminti a bakin rafi, wa zai gani? Kwaɗi ne za su yi maka layi?"

Birkila ya yi murmushin dole, ya ce ruwan zai taru a kan layin gangare.

"To sai me? Ai dama jiƙewa suke yi. Bari su ɗanɗana damina ɗaya, da ƙafarsu za su hau tudun nan su karɓi katin jam'iyya. Waɗanda suka sha rana suka zaɓe ka, su za ka ce su jira, waɗanda suka yi maka shewa su fara sha? Kai ma ka san ba a haka."

Birkila ya bar ofishin. Da yamma ya sauka har bakin rafi shi kaɗai, ya tsaya yana kallon ƙasa da idon magini. Ya ga inda ya kamata diga ta fara sara. Zuciyarsa ta kusa dawowa hanya. Yana juyowa sai wani tsoho daga layin ya ɗaga masa hannu da fara'a ya ce, "Birkila, barka da yamma." Gaisuwa ce irin ta mutumin da ya san ka tun kana ɗaukar kwanon yashi. Amma kunnen da ya saba da Onarabul ya ji ta kamar zagi. Ya hau tudu bai waiwaya ba. Washegari ya ce a fara daga sama.

Ranar da labari ya iso wa Malama ce suka yi hirar da na fara ba ku. Ba ta tsaya nan ba. Ta yi masa magana da lallashi, ta yi da hawaye, ta tuna masa laka da takalmi a hannu. Ta ce, "Kai da bakinka ka koya mini cewa daga ƙasa ake farawa. Ni ba magina ba ce, amma ban manta ba." Ya ce mata rabin na biyu yana nan tafe baɗi, kuma mace ba ta san siyasa ba. Ta ce, "Ban san siyasa ba, amma na san mijina, kuma wannan da ke magana ban san shi ba."

Ku saurari abin da ya yi bayan haka, domin shi ne shaidar da ba za ta goge ba. Da aiki ya yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya sauka gidan Kaka ya ce ta tattara kayanta ta dawo gidansa na tudu kafin damina. Tsohuwar ta dube shi ta ce, "Mijina, yau kuma tarewa za mu yi? Me ya faru da ɗakina?" Ya ce ba komai, kawai dai tsufa ya zo, gara tana kusa da su. Ta ƙura masa ido ta ce, "In ɗakina bai dace da ni bana ba, to na maƙwabtana ma bai dace da su ba. Gidanka zai ɗauke mu duka? In ba zai ɗauka ba, ka bar ni inda ka same ni."

Ya 'yan uwa, wanda bai san abin da ke tafe ba, zai ce a ɗauke tsohuwa? Kuskure daban, ganganci daban. Mutumin nan ya san ruwa zai zo. Ya so ya tsame nasa ya bar na wasu.

Aka gama rabin farko. Magudana ce mai faɗi, mai zurfi, gefenta sumul, irin aikin da magini ke alfahari da shi. Ta tattaro ruwan kowane lungu na tudu ta zuba a hanya ɗaya, ta gangaro, ta tsaya cak a bakin layin gangare, bakinta a buɗe yana kallon ƙofofin mutane. Aka shafa mata fenti kalar jam'iyya. Aka kafa rumfa, aka kawo lasifika, Ciyaman ya yanke ƙyalle, aka tafa. Onarabul ya sha kirari har ya ji ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Mutanen layin gangare ba makafi ba ne. Suka haɗa dattawa, Mai Kemis a gaba, suka hau ofishinsa. Ba su zo da faɗa ba. Roƙonsu ɗaya, a ba su leburori da izini a sara ko da rami ne na ƙasa, daga bakin simintin zuwa rafi, kafin ruwa ya kankama. Ya bar su a benci har azahar ta wuce. Da ya fito, Mai Kemis ya miƙa masa hannu ya ce, "Onarabul, zaɓe ya wuce, yanzu kai ne namu duka." Ya karɓi hannun da yatsu biyu ya ce za a duba bayan zaɓen fid da gwani. Ya ƙara da cewa duk wanda ya taɓa titin hukuma da diga ba da izini ba, zai gamu da hukuma. Dattawan suka sauka kamar yadda suka hau.

Allah ba ya kama bawa sai ya aiko masa da gargaɗi. Ruwan farko ya sauka, ɗan kaɗan, amma a layin gangare ya kai gwiwa, abin da ba a taɓa gani ba. Malama ta dawo da littattafan ɗalibanta da suka jiƙe, ta shanya su a tsakar gida inda dole ya tsallake su kafin ya shiga ɗaki. Ya tsallake. Abin da ya iya yi shi ne ya aika da buhunan yashi a jera a ƙofar Kaka, ƙofarta ita kaɗai. Kaka ta sa aka kwashe su aka kai ƙofar wata maƙwabciya mai jego.

Ranar da babban ruwan ya zo, yana ofishin jam'iyya a saman tudu. Taro ne na wakilai, ana shirin tsayar da shi karo na biyu ba hamayya. Da la'asar gari ya yi baƙi. Ruwa ya fara dukan kwanon rufi har mai jawabi ya daina jin muryar kansa, ya zauna. Wani ya ce, "Onarabul, zo ka ga aikinka." Ya je taga ya leƙa. Magudanarsa tana aiki yadda ya tsara ta, ba ɗigon da ya kauce. Ta cika har baki, ruwa ja yana gudu a cikinta kamar an kore shi, titunan tudu kuwa fes. Mutanen ɗakin suka fara tafi. Shi kuwa bai tafa ba, domin a duk ɗakin shi kaɗai ne ya san nauyin abin da ke gangarawa da inda zai sauka.

Ya fita da gudu cikin ruwan, rigarsa ta taro tana manne masa a jiki. Kafin ya isa, layin gangare ya zama kogi. Ruwan ya fito daga bakin simintin ya daki katangar farko, ta kwanta. Ta biyu ta bi ta. Mata suna kan rufi da yara a hannu. Katifu, tukwane, akuya, keken ɗinki, duk suna tafiya rafi. Bangon bayan ɗakin Kaka, wanda shi da kansa ya taɓa yi wa faci a shekarun laka, ya jiƙe daga tushe ya faɗo ciki.

Ya tarar da Mai Kemis da samarin layin, har da wanda ya yi masa shewa, suna tonon ƙasa da hannu. Ya shiga cikinsu ya tona har faratansa suka fashe. Ba wanda ya kore shi. Suka ciro Kaka da rai, ƙugunta a karye, ta sha ruwa.

A asibiti ta kwana biyu tana farfaɗowa tana komawa. Ya shiga duba ta, ya durƙusa a bakin gado ya ce, "Amaryata." Ta buɗe ido ta dube shi, ba fushi a fuskarta, ta ce, "Sannu da zuwa, Kansila." Ta mayar da idonta ta rufe. Tunda ya san ta, wannan ne karo na farko da ta gaishe shi ba wasa. Bai sake jin muryarta ba. Kafin mako ya zagayo aka kai ta makwancinta.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Majalisa ta kafa kwamitin bincike. Aka kira Ciyaman, ya zo da fararen kaya ya buɗe hannuwa ya ce, "Mu 'yan siyasa ne, me muka sani game da gangaren ruwa? Shi ne birkila. Abin da ya ce a yi, shi aka yi." Kuma a takaice gaskiya ya faɗa, domin shawara ba ta zama laifi sai an samu mai ɗauka. Aka dakatar da shi daga majalisa. Jam'iyya ta cire hotonsa daga bango tun fentin magudana bai koɗe ba. Mutanen tudu da ya ce don su ya yi, su ma suka juya masa baya, domin wannan ƙanwarsa tana aure a gangare, wancan a can mahaifinsa yake. Ashe unguwar da ya raba da akwati, jini bai raba ta ba.

Ya ce to, bari ya koma sana'a. Ya ciro cokalin gininsa ya wanke tsatsa, ya je inda magina ke taruwa da safe. Ba wanda ya ɗauke shi. Wa zai ba da ginin ɗakin 'ya'yansa ga wanda ya san daidai ya yi akasi? Leburorin da ya koya wa aiki suka riƙa cewa a bayansa, "A ba shi gida ya fara daga rufi." Kujera ta tafi, sana'a ta bi ta.

Malama ba ta yi masa ihu ba, ba ta zage shi ba. Bayan an share makoki ta haɗa kayanta da na yara, ta sauka gangare, ta zauna a ɗaki ɗayan da ya tsira a gidan Kaka. Ya bi ta yana kuka. Ta ce, "Ban daina tuna mai takalmi a hannu ba. In ka gan shi, ka gaishe shi." Ya koma gidan tudu, gidan da ruwa bai taɓa ba, ya zauna shi kaɗai. An ce har yau in hadari ya haɗu, sai ya rufe tagogi ya toshe kunnuwa.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai saci ko buhun siminti ba. Bai sha giya ba, bai bar salla ba. Da za a duba aikinsa, ba a taɓa gina magudana mai kyan tasa ba a unguwar. To me ya halaka shi? Ya ɗauki amanar jama'a ya mayar da ita bulalar ramuwa. Ya manta cewa ranar da aka rantsar da shi, ba a rantsar da shi a kan waɗanda suka zaɓe shi kaɗai ba. Wanda ya ba ka ƙuri'a da wanda ya hana ka, duk a wuyanka suke, kuma duk za a tambaye ka su a ranar da babu Ciyaman, babu lasifika, babu mai tafi.

Kada wani ya ce ai ni ba kansila ba ne. Kai da ke rabon aiki a ma'aikata, ke da ke shugabantar ƙungiyar mata, kai da ke riƙe da makullin famfon unguwa, kowannenku yana da nasa layin gangaren. Akwai wanda ya taɓa yi maka dariya, yau kuma buƙatarsa ta biyo ta hannunka. Me za ka yi da ita? Kuma ku da kuke zuga masu mulki, kuna cewa a bar su su ɗanɗana, kuna tsammanin fararen kaya za su wanke ku a can kamar yadda suka wanke ku a nan?

Ƙofar tuba a buɗe take, ba ni da ikon rufe ta ga kowa, har shi. Amma haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da hawaye kaɗai, kuma tuba ba ta tayar da wanda bango ya danne. Gara a ji bari tun ba a ji hoho ba.

Ya Allah, kada ka ba mu ikon da zai fi ƙarfin imaninmu. Ka cire mana ƙayar ramuwa daga zukata tun tana ƙarama. Ka ji ƙan tsohuwar nan da duk wanda zaluncin wani ya rutsa da shi. Ka tsare mu, ka tsare na bayanmu, daga sanin daidai da aikata akasinsa. Amin.

Na san wasunku za su tare ni a ƙofa su ce, to magudanar fa? Bari in ƙarasa muku.

Bayan ruwa ya janye, waɗanda gidajensu suka rushe suna zaune a azuzuwan makarantar da Malama ke koyarwa. Wata safiya sai ga Ciyaman ya sauko da mota cike da katifu, da sabon ɗan takara a gefensa, da katunan jam'iyya a hannun yaransa. Mutane suka taru a filin makaranta. Birkila ma ya zo, ya tsaya can baya jikin katanga, ba wanda ya ba shi wuri. Ciyaman ya yi ta'aziyya mai tsawo, sannan ya ce jam'iyya uwa ce, ba ta fushi da 'ya'yanta. Ya ce rabin magudanar da ya rage za a gama shi, muddin layin gangare ya nuna hankali a zaɓe mai zuwa.

Malama ta miƙe daga cikin mata, alli bai gama fita daga yatsunta ba.

"Ranka ya daɗe, in kuma ba mu nuna hankalin ba fa? Wani bangon za a sake jira ya faɗi?"

"Malama, ki zauna. Gidanku ai ya taɓa kujerar nan, duk mun ga yadda ta ƙare."

"Mun gani. Ni na fi kowa gani, don a gabana ya zauna yana goge takalmi, ya ce ruwa ya bi inda kuka kai ƙuri'unku."

Ta juya ta dubi Mai Kemis. Ya gyaɗa mata kai, kamar mutumin da aka riga aka yi magana da shi. Ta dubi matan da ke zaune a kan tabarmin aro, ta dubi mutanen tudu da suka sauko kallo. Can baya idonta ya faɗa kan mijinta, ta ɗan tsaya, sannan ta ɗauke kai. Da ta yi magana, ba ta ɗaga murya fiye da yadda take yi a aji ba, amma har na jikin katanga ya ji.

"Katifun ku bar su, haƙƙin mutane ne. Katin ku koma da shi. Gobe zan ajiye aikin makaranta, zan tsaya takarar kujerar nan. Wanda ya ga dama ya zaɓe ni, wanda bai ga dama ba ya bari, ba zan tambayi akwati sunan kowa ba. In Allah ya ba ni, magudanar nan sai ta ga rafi kafin wata damina. Bayan ita kuma, layin da ya fi ƙina, da shi zan fara."